Daga Hatimi Zuwa Sudoku: Tarihin Dabarun Warware Wasan Jera Lambobi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin dabarun da ake amfani da su wajen warware wasan jera lambobi da aka sani da suna Sudoku, musamman dabarun da ake komawa gare su in wasan ya yi tsauri har dabarun farko suka gaza. Filin wasan murabba'i ne mai gidaje 81, watau layuka 9 a kwance da layuka 9 a tsaye, an kuma kasa shi ƙananan murabba'ai 9 masu gida tara-tara, waɗanda za mu riƙa kira unguwanni a wannan takarda. Mai shirya wasa yakan cike waɗansu gidaje da lambobi, ya bar saura fayau. Aikin mai warwarewa shi ne ya cike ragowar da lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda babu lambar da za ta fito sau biyu a layi ɗaya ko a unguwa ɗaya. Wasan da aka shirya bisa ƙa'ida amsa ɗaya tak yake da ita.

Akwai ra'ayoyi biyu da muke yawan ji game da wannan wasa a bakin malamai da ɗalibai. Na farko shi ne cewa abin kashe lokaci ne da ya fito daga Japan, ba ruwansa da ilmi. Na biyu kuwa shi ne cewa hatimin malamanmu ne baƙi suka ɗauka suka sake masa suna. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa duka biyun sun kauce wa tarihi. Akwai dangantaka tsakanin hatimi da Sudoku, amma ta ƙofa ɗaya ta bi, ƙofar kuwa tana da shekara da suna. Haka kuma manyan dabarun warware wasan tsofaffin ƙa'idojin lissafi ne, waɗanda masu wasa suka sake ganowa da kansu. Dalilin da ya sa muka ga ya kamata a daidaita wannan magana shi ne, malaman da muke horarwa a kwalejojin ilmi su ne za su tsaya gaban yara gobe, abin da muka faɗa musu kuma shi za su faɗa.

2.0 Hatimi da Ilmin Wafaƙi

Abin da muke nufi da hatimi a nan shi ne murabba'in da aka jera wa lambobi daga 1 zuwa adadin gidajensa, ta yadda jimlar kowane layi na kwance da na tsaye da kuma layuka biyu na karkace za ta zama ɗaya. Fannin lissafinsa kaɗai ya shafe mu, ba za mu shiga batun amfanin da masu asiri suke yi da shi ba. Mafi ƙanƙanta shi ne musallasi, mai gida uku-uku:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ko ta ina aka haɗa, jimla 15 ce. Mutanen Sin sun san wannan jeri tun zamanin da, suna kiransa Lo Shu. A ƙasashen Musulmi an fi saninsa da hatimin Buduhu, domin lambobin kusurwoyinsa, watau 2 da 4 da 6 da 8, su ne ba da dal da wau da ha ƙarami a hisabin abajada. A ƙarni na 10 ne wannan fanni ya zama ilmi mai zaman kansa, wanda Larabawa suka kira wafaƙin adadi. Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a Bagadaza a 998, ya yi littafi a kansa, wasiƙun Ikhwanus Safa na Basra kuma sun kawo hatimai daga mai gida uku-uku har zuwa mai tara-tara. Jimlar layi tana da ƙa'ida sananniya: 15 ga musallasi, 34 ga murabba'i, 65 ga muhammasi, 369 ga mai tara-tara.

A cikin wannan silsila ne ƙasar Hausa take da nata gwani, watau Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Mutumin Katsina ne, ya yi karatu wajen malamai da dama, ciki har da Muhammadu al-Wali na Bagarmi, sa'an nan ya tafi aikin hajji. A 1732 ya rubuta littafinsa Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimai waɗanda yawan gidajen gefensu mara ne, watau 3 ko 5 ko 7 ko 9 da sauransu, har da hanyoyin da ake tafiya irin tsallen doki a wasan shaɗaranji, gida biyu gaba, ɗaya gefe. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya kawo labarinsa a cikin tarihinsa na Masar.

Domin a ga irin aikin da malaman wannan fanni suke yi, ga wata tsohuwar hanya ta gina hatimi mara. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan a riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa, ɗaya dama, in an fita daga fili a shigo ta ɗaya gefen, kamar dai an naɗe allon bakinsa ya haɗu. In aka tarar da gida a cike, sai a tsallaka gida biyu ƙasa daga inda ake, a ci gaba. Wanda ya bi wannan a fili mai gida tara zai fito da musallasin da ke sama daidai wa daida.

Abin lura a nan shi ne, wannan ilmi na gini ne. Ana farawa da fili fayau, a bi ƙa'ida, a ƙare da hatimi, sharaɗinsa kuma jimla ce. Sudoku kuwa ana farawa da fili da wani ya riga ya cike wani sashensa, sharaɗinsa kuma hana maimaici ne. Da za a sauya lambobinsa da haruffa tara ko launuka tara, babu abin da zai canza. Saboda haka wanda ya ce Sudoku hatimi ne bai duba da kyau ba.

3.0 Ƙofar Euler

Amma fa a cikin hatimi akwai wani abu a ɓoye. Mu ɗauki musallasin nan, mu rubuta kowace lamba a matsayin uku sau wani adadi, a tara da wani. Alal misali 4 ita ce uku sau 1 a tara da 1, 9 ita ce uku sau 2 a tara da 3, 2 kuwa uku sau 0 a tara da 2. In muka ware adadin farko a fili guda, na biyu a wani fili, ga abin da zai fito:

1 2 0
0 1 2
2 0 1

1 3 2
3 2 1
2 1 3

A kowane ɗaya daga cikin filayen nan biyu babu lambar da ta maimaitu a layin kwance ko na tsaye. Wannan shi ne sirrin 15: kowane layi yana ɗauke da 0 da 1 da 2 sau uku, watau 9, da kuma 1 da 2 da 3, watau 6. Ke nan sharaɗin jimla na hatimi ya tsaya ne a kan sharaɗin hana maimaici.

Irin wannan fili shi ake kira murabba'in Latin. An samu irinsa da haruffa a littafin Shamsul Ma'arif da ake danganta wa Ahmad al-Buni na ƙarni na 13, a ƙasar Koriya kuma Choi Seok-jeong ya haɗa guda biyu masu gida tara-tara wajen shekarar 1700 don ya gina hatimi. Amma wanda ya mai da shi fanni shi ne Leonhard Euler (1707 zuwa 1783), haifaffen Basel ta Siwizalan. A wata maƙala da aka buga a 1782 ya kira shi sabon nau'in hatimi, ya yi amfani da haruffan Latin wajen rubuta fili ɗaya, na Girka wajen ɗayan, daga nan sunan ya samo asali.

A wannan maƙala ne ya kawo matsalar hafsoshi 36: rundunoni 6, kowace da hafsoshi masu muƙamai 6, a jera su shida-shida ta yadda kowane layi zai ƙunshi kowace runduna da kowane muƙami sau ɗaya. Euler ya yi hasashen cewa ba zai yiwu ba, ya ƙara da cewa haka abin yake ga 10 da 14 da 18 da duk masu bin wannan tsari. Gaston Tarry, wani Bafaranshe da ya yi aikin gwamnati a Aljeriya, ya tabbatar da maganar 6 a 1900, ta hanyar bin dukkan jerin da zai yiwu ɗaya bayan ɗaya da hannu. Sauran hasashen kuwa ya rushe tsakanin 1959 da 1960, lokacin da Bose da Shrikhande da Parker suka nuna cewa 2 da 6 ne kaɗai ba su yiwuwa.

Murabba'in Latin bai tsaya a takarda ba. A shekarun 1920 R. A. Fisher ya yi amfani da shi a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila, inda ake kasa gona kashi-kashi don a gwada iri ko taki, kowane nau'i ya faɗa a kowane layi sau ɗaya, don kada bambancin ƙasa ya ruɗi mai awo. A 1956 W. U. Behrens ya ƙara sharaɗin cewa kowane nau'i ya faɗa sau ɗaya a kowane yanki na gonar. Layin kwance, layin tsaye, da yanki: wannan shi ne tsarin Sudoku sak, shekara 23 kafin a haifi wasan.

4.0 Haihuwar Wasan

Tun a ƙarshen ƙarni na 19 jaridun Faransa suka fara buga hatimai da aka goge wa waɗansu lambobi don masu karatu su cike. Le Siècle ta buga mai gida tara-tara a 1892, La France kuma ta buga wani a 1895 wanda yake amfani da 1 zuwa 9 kaɗai a kowane layi. Wannan shi ne matakin da aka juya daga gini zuwa warwarewa. Sai dai yayin ya wuce wajen lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Wasan kamar yadda muka san shi ya fara fitowa a Amurka a watan Mayu na 1979, a wata mujallar wasanni ta kamfanin Dell, da sunan Number Place, ma'ana ajiye lamba a gurbinta. Ana danganta ƙirƙirarsa ga Howard Garns, mai zanen gine-gine da ya yi ritaya a jihar Indiyana, wanda ya rasu a 1989. A 1984 kamfanin Nikoli na Japan, ƙarƙashin Maki Kaji, ya ɗauki wasan, ya ba shi dogon suna mai ma'anar cewa dole lamba ta zauna ita kaɗai, aka taƙaita shi zuwa Sudoku. A 1986 kamfanin ya sa sharaɗin kada lambobin da aka bayar su wuce 32, kuma a jera su da daidaito, gefe ya yi kama da gefe.

Daga nan sai Wayne Gould, mutumin Niyu Zilan da ya yi alƙalanci a Hon Kon, ya ga wasan a wani kantin littattafai a Tokiyo a 1997. Ya shekara shida yana rubuta manhajar kwamfuta mai shirya shi, ya kai wa jaridar The Times ta Landan, ta fara bugawa ran 12 ga Nuwamba, 2004. Kafin 2005 ta ƙare wasan ya game duniya, aka yi gasar duniya ta farko a Lukka ta Italiya a 2006.

Shigowar kwamfuta tana da muhimmanci ga tarihin dabaru. Mai shiryawa da hannu yakan bar hanyar da shi kansa ya bi, mai warwarewa ya bi sawunsa. Kwamfuta kuwa tana iya fitar da wasa mai amsa ɗaya ba tare da ta damu da ko mutum zai ga hanya ba. Da irin waɗannan wasanni suka yawaita, sai buƙatar sababbin dabaru ta taso, yawancin sunayen da ake kiransu da su kuma a wannan lokaci na 2005 da 'yan shekarun da suka biyo baya suka bazu.

5.0 Dabarun da Asalinsu

Kafin a shiga manyan dabaru, mai warwarewa yakan rubuta a kowane gida fayau ƙananan lambobin da har yanzu za su iya zama a cikinsa. Waɗannan za mu kira su 'yan takara. Duk dabarun da ke tafe aikinsu ɗaya ne, watau kore ɗan takara da hujja, har gida ya rage da ɗaya. In gida ya rage da ɗan takara ɗaya, tilo ne na fili. In kuwa lamba ce ta rage da gida ɗaya a layi ko unguwa, tilo ne na ɓoye. Wasanni masu sauƙi a nan suke ƙarewa.

5.1 Tagwaye da ƙa'idar aure

A ce a layi ɗaya akwai gidaje biyu, kowanne 'yan takararsa 3 da 7 ne kawai. Ko ba a san wanda zai ɗauki 3 ba, an san gidajen biyu sun cinye lambobin biyu, saboda haka sai a kore 3 da 7 daga sauran gidajen layin. Waɗannan su ne tagwaye na fili. Haka abin yake ga gidaje uku masu lambobi uku a tsakaninsu, ko huɗu masu huɗu. In kuma lambobi biyu ne ba su da wurin zama a layin sai gidaje biyu, to tagwaye ne na ɓoye, sai a kore duk wani ɗan takara daga gidajen nan biyu.

Wannan dabara ita ce ƙa'idar da Philip Hall na Kambirij ya tabbatar a 1935, wadda aka yi wa laƙabi da ƙa'idar aure. A ce akwai 'yan mata, kowace da jerin manema da ta yarda da su. Za a iya aurar da kowace ga miji daban in har duk 'yan matan da aka ware, ko biyu ko uku ko goma, jimlar manemansu ba ta gaza yawansu ba. In kuwa 'yan mata biyu manemansu biyu ne cif, to waɗannan samari sun fita daga hannun saura. Gidaje su ne 'yan mata, lambobi su ne manema. Daga wannan ƙa'ida wani amfani yake fitowa: in layi yana da gidaje bakwai fayau, aka sami biyar na fili, to sauran biyun tagwaye ne na ɓoye. Ashe ke nan mai warwarewa ba ya buƙatar neman abin da ya wuce huɗu har abada. A 1994 Jean-Charles Régin ya fito da hanyar da kwamfuta za ta yi duk wannan kora a layi gaba ɗaya, shekara goma kafin wasan ya isa Landan.

5.2 Giciye da dangin kifi

A ce lamba 5 ba ta da wurin zama a layin kwance na 2 sai a layukan tsaye na 3 da na 8, haka kuma a layin kwance na 7 ba ta da wuri sai waɗannan layuka biyu. Gidaje huɗun nan kusurwoyin murabba'i ne. In 5 ta zauna a hagu a sama, dole ta zauna a dama a ƙasa, in ta zauna a dama a sama, dole hagu a ƙasa. Ko ta yaya, layukan tsaye na 3 da na 8 sun riga sun sami tasu 5, sai a kore ta daga sauran gidajensu. Turawa sun kira wannan da fiffike mai siffar X, mu kuwa mun zaɓi mu kira shi giciye. In layuka uku ne a kan uku, ko huɗu a kan huɗu, sukan kira su da sunayen kifaye.

Masu koyo sukan ɗauki giciye a matsayin sabuwar dabara mai wuya, alhali kuwa tagwaye ne aka kalla ta wata fuska. Murabba'in Latin jerin abubuwa uku-uku ne, watau layin kwance da layin tsaye da lamba, in an san biyu an san na uku, kuma babu wanda ya fi wani matsayi. A tagwaye, gidaje biyu ne suke takarar lambobi biyu. A giciye, layukan kwance biyu ne suke takarar layukan tsaye biyu. Ƙa'idar Hall ce dai, an sauya wa 'yan mata da manema suna. Denis Berthier ya shimfiɗa wannan bayani a littafinsa na 2007 a kan mantiƙin Sudoku. Shi ya sa a nan ma ba a buƙatar wuce huɗu.

Unguwa ce kaɗai ba ta cikin gadon Euler, ita ma tana da tata dabara a mahaɗarta da layi. In duk gidajen da 4 za ta iya zama a wata unguwa suna kan layi ɗaya, to sai a kore 4 daga ragowar wannan layi a wajen unguwar.

5.3 Sarƙa

In duk waɗannan sun ƙare wasa bai buɗe ba, sai a koma ga sarƙa. Misali mafi gajarta shi ne na gidaje uku. Gidan tsakiya yana da 1 da 2. Wani gida da yake layi ɗaya ko unguwa ɗaya da shi yana da 1 da 3, wani kuma yana da 2 da 3. In na tsakiya 1 ne, na farko ya zama 3. In 2 ne, na biyu ya zama 3. Tun da ɗayansu lalle 3 ne, duk gidan da yake haɗa layi ko unguwa da su biyun ba zai zama 3 ba.

Dogayen sarƙoƙi duk a kan alaƙa iri biyu aka gina su. Alaƙa mai ƙarfi ita ce wadda in wannan bai tabbata ba, wancan ya tabbata, kamar 'yan takara biyu da suka rage a gida ɗaya. Alaƙa mai rauni ita ce wadda in wannan ya tabbata, wancan ya faɗi. In aka jera su ana musanyawa, mai ƙarfi, mai rauni, mai ƙarfi, aka fara da mai ƙarfi aka ƙare da mai ƙarfi, to ɗaya daga bakin sarƙar biyu gaskiya ne, komai tsawonta. Wannan shi ne ƙiyasi irin na mantiƙi, muƙaddima tana haifar da natija, natija ta zama muƙaddimar gaba.

A nan ne saɓani ya shiga tsakanin masu wasa. Waɗansu suna ganin wanda ya ce bari in ɗauka gidan nan 1 ne in ga inda zai kai ni, canki-canka yake yi. Waɗansu kuma suna cewa ai wannan ita ce hujja ta korewa, wadda masu lissafi suke amfani da ita tun zamanin Iƙlidis: a ɗauki magana, a nuna tana kai wa ga abin da ba zai yiwu ba, a yar da ita. A ganinmu bambancin yana ga abin da mutum zai iya faɗa bayan ya gama. Wanda zai iya karanto sarƙarsa mataki-mataki, wani ya bi ya gamsu, hujja ya kawo. Wanda ya cika gidaje har ya ci karo, ya goge ya sake, ya sami amsa, amma ba shi da abin da zai koyar.

5.4 Dabarar da ta dogara ga amana

Akwai wata dabara da ta sha bamban da saura. A ce gidaje huɗu suna kan layukan kwance biyu da na tsaye biyu, a cikin unguwanni biyu, dukkansu 'yan takararsu 4 da 9 ne kawai. Irin wannan fili amsa biyu yake da ita, domin ana iya musanya 4 da 9 ba abin da ya ɓaci. Saboda haka in uku daga gidajen suna da 4 da 9, na huɗu yana da 4 da 9 da 6, sai a ce na huɗun 6 ne, don kada wasa ya zama mai amsa biyu. Hujjar nan ba daga dokokin fili ta fito ba, daga amincewa da mai shirya wasa ta fito. In ya yi kuskure, dabarar za ta ɓatar da mai binta. Wannan misali ne mai kyau ga ɗalibi na bambanci tsakanin abin da aka tabbatar da abin da aka sallama.

6.0 Iyakar Dabaru

Masu lissafi sun auna girman wannan fage. A 2005 Felgenhauer da Jarvis suka ƙirga cikakkun filayen Sudoku, suka sami 6,670,903,752,021,072,936,960. In aka haɗe waɗanda juyi ko sauya sunan lambobi ne kawai ya bambanta su, Russell da Jarvis sun nuna saura 5,472,730,538. An tara wasanni fiye da 49,000 masu lambobin farko 17 da amsa ɗaya, ba a sami mai 16 ba, har Gary McGuire da abokan aikinsa a Dablin suka sanar a 2012 cewa babu shi, bayan aikin kwamfuta na kimanin awa miliyan 7 a lissafin injuna. Hanyarsu ita ce ta Tarry, bin kowane jeri ɗaya bayan ɗaya, sai dai shi da hannu ya yi.

Kwamfuta tana warware fili mai gida tara-tara cikin ƙiftawar ido ta hanyar gwaji da komawa baya, kamar tsarin da Donald Knuth ya bayyana a 2000. Amma a 2003 Yato da Seta na Jami'ar Tokiyo sun tabbatar da cewa in aka bar filin yana girma, 16 zuwa 25 zuwa sama, wasan yana cikin rukunin matsalolin da ake kira NP-cikakku, waɗanda samun hanya mai sauri ga ɗayansu zai zama samun ta ga dukkansu. A nan ya rabu da hatimi rabuwa ta ƙarshe. Ƙa'idar gangarawa a karkace da muka kawo tana gina hatimi mai gida 101 a gefe kamar yadda take gina musallasi, ba tare da tsayawa tunani ba. Cike abin da wani ya fara kuwa aiki ne mai nauyi na daban, shi ya sa jerin dabarun bai ƙare a kan guda ɗaya ba.

7.0 Kammalawa

Silsilar da muka bi ita ce: hatimi ya haifi murabba'in Latin a hannun Euler a 1782, murabba'in Latin ya sami sharaɗin yanki a gonakin gwaji a 1956, ya zama wasa a 1979, dabarun warware shi kuma suka koma ga ƙa'idar Hall ta 1935 da ƙiyasin mantiƙi. Malam Muhammadu al-Kashinawi yana reshen gini na wannan silsila, shekara hamsin kafin maƙalar Euler, kuma wannan matsayi ya ishe shi daraja ba sai an jingina masa abin da bai yi ba.

Muna ba da shawara biyu. Ta farko, masana Larabci da masana lissafi su haɗu su fitar da babukan wafaƙi na Bahjatul Afaƙ cikin Hausa tare da sharhi, domin a riƙa koyar da hanyoyinsa da sunansa. Ta biyu, malaman lissafi a kwalejojin ilmi su gwada fara darasin hujja da musallasi, su fasa shi gida biyu a gaban ɗalibai kamar yadda muka yi a kashi na 3.0, daga nan su wuce zuwa tagwaye da giciye, suna neman kowane ɗalibi ya faɗi dalilin kore ɗan takara da Hausa kafin ya goge shi. Kalmomin da muka yi amfani da su, irin su gida da unguwa da tilo da tagwaye da giciye da sarƙa, mun ajiye su gaban wannan taro don a duba, a gyara wanda ya kamata a gyara, a kuma daidaita su kafin su shiga aji.